Ranar da Na Gyara Sandar Fatsar Dakta

Ba zan taɓa mantawa da kafet ɗin falon Dakta ba, ko da ranar da zan manta lambar gidana ta zo. Ja ne mai duhu, da zanen furanni ruwan ƙasa, sha ɗaya a tsaye, bakwai a kwance, kuma daidai ƙafar kujerar da Dakta ke zama akwai 'yar ƙunar dutsen guga. Na haddace shi ne saboda wata biyar na yi ina zuwa gidan nan na unguwar Plumstead a Landan, kuma duk zuwan da na yi shi nake kallo. Dakta shi ne mahaifin Safiyya, wadda nake nema da aure a lokacin. Mu kuwa a gidanmu tun muna yara aka karanta mana cewa ba a haɗa ido da suruki. In ka shiga ka zube ƙasa, ka sunkuyar da kai, duk abin da ya faɗa ka ce haka ne. Ni kuma da yake in na kama abu sai na wuce gona da iri, na kai kunyar nan inda ko waɗanda suka ƙirƙiro ta ba su kai ta ba. Da na gamu da Dakta a tashar jirgi, wallahi wuce shi zan yi. Silifas ɗinsa kuwa ko cikin dubu zan fitar da su.

Kafin in kai ga abin da ya faru, dole in tona wa kaina asiri a kan ƙarya biyu. Ta farko, kowa a gidan Injiniya yake kirana. Ban ce musu ni injiniya ba ne, amma ban hana ba. Gaskiyar magana, a wani ofis kusa da Charing Cross nake aiki, sashen kwamfuta, kuma rabin aikina shi ne in ce wa mutum ya kashe ya sake kunnawa. Ta biyun ta fi muni. A Yawuri aka haife ni, bakin ruwa, sai dai ina ɗan shekara uku aka kawo ni Kano, kuma tun daga nan ruwan da ya wuce gwiwata bai sake ganina ba. Kakana banda yake sayarwa a kasuwa, ko kwalekwale ba ya shiga, wai yana sa shi jiri. To amma an ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Wata rana muna tafe da Safiyya a bakin kogin Landan, na dubi ruwan na taɓe baki, na ce mata mu jinin masunta ne, kakana da hannu yake kama giwan ruwa. (Kada ka yi min dariya, mai karatu, kai ma ka san abin da ka faɗa lokacin da kake nema.) Ban san ta kwashe labarin ta kai wa babanta ba.

Ashe na sosa wa tsohon inda yake masa ƙaiƙayi. Dakta likita ne da ya yi ritaya, ya fi shekara arba'in a ƙasar nan, kuma bayan iyalinsa babu abin da yake so kamar fatsa. Ba irin tamu ta tana da ƙugiya ba. Irin ta Turawa ce, wadda ake ɗaure ƙugiya da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Mutum ya shiga rafi har ƙugu, ya yi ta kaɗa doguwar igiya a sama kamar mai korar tsuntsu a gonar gero, sannan ya ajiye ƙwaron bogin a kan ruwa a hankali. In kifi ya kama, a ciro shi, a dube shi, a mayar da shi ruwa. (Wannan na ƙarshen har yau bai zauna min ba.) Wani abokin aikinsa Bature, Mista Alan, shi ya koya masa, kuma da zai rasu ya bar masa wasiyyar sandarsa ta fatsa. Safiyya ta taɓa ba ni wannan labarin, amma a lokacin fuskarta nake kallo, ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Wata Lahadi na je gaisuwa kamar kullum, na zauna a mazaunina, kan fure na huɗu daga ƙofa. Bayan gaishe-gaishe Dakta ya gyara murya.

"Saƙon kawunka ya iso," in ji shi. "Lahadi mai zuwa ka zo. Zan faɗa maka ko magabatanka su turo, ko kuwa a'a."

Na ƙara sunkuyar da kai. Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Daga nan kunnuwana suka toshe. Babu abin da nake ji sai "ko kuwa a'a" yana yi min amo a ka. Ina cikin haka na ga silifas sun tashi sun shiga ɗaki, sun dawo sun zauna. Na ji ƙarar ana zare wani abu daga jaka.

"An ce kai jinin masunta ne, kuma ga ka injiniya. Bari in nuna maka damuwata."

Ya fi minti goma yana bayani. Yanzu na san abin da ya yi a mintocin nan. Ya nuna min cewa sandar gida biyu ce tun asali. A ƙarshen na ƙasan akwai ɗan bututun ƙarfe, a gindin na saman akwai ƙarfen da ke shiga cikinsa, shi ne mahaɗin. In za a yi fatsa a haɗa, in an gama a zare, a mayar cikin jaka. Ya haɗa ya zare a gabana har sau uku, don na ji wani ɗan sauti, ɓas, ɓas, ɓas. Bututun ne ya yi 'yar tsaga a baki, siririya kamar gashi. Amma duk wannan ban gan shi ba. Ni dai kaina yana ƙasa, duk inda ya numfasa in cusa "Haka ne, Baba," ko "Ƙwarai kuwa."

"Ka ga tsagar?"

"Na gani, Baba." (Ƙunar dutsen guga nake kallo.)

"Akwai wani tsoho a Kent mai wannan aikin, amma ya ce sai na yi booking, in bi layi sati shida. Ni kuwa ƙarshen wata nake son fita. In da za a samu mai hannu ya ɗaure min bakin da zare, ya riƙe kafin lokacin..."

Da na yi shiru a nan da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma na hango dama. Na ga kaina ranar Lahadi ina miƙa masa sanda gyararriya, yana cewa lallai wannan yaro shi ya dace da Safiyya. Bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, a bar min."

Ya ce, "Ka tabbata ka gane yadda take?"

"Haba Baba, ai a cikin wannan muka tashi."

Hajiya, mahaifiyar Safiyya, tana daga ƙofar kicin ta ce, "Ka ji ko, Dakta? Allah ya kawo maka ɗa har gida." Haka na fito da doguwar jakar yadi a hammata, ina jin kaina kamar an riga an ɗaura.

Sai ranar Asabar da safe na buɗe jakar a flat ɗina, ɗan gidan hayata na bene a Catford. Na zaro abu, na ga guntu. Na sake zarowa, na ga wani guntun. Na yi salati. Na ce ashe tsohon nan kawaici ya yi, yana ta cewa 'yar tsaga, alhali sanda ta karye gida biyu! Na juya ta na duba. Gora ce, an dai goge ta an shafa mata mai tana ƙyalli, amma gora ce irin wadda muke kaɗo mangwaro da ita. Na ga ƙarafan nan biyu a wurin da na ɗauka karaya ce, nan take na yanke hukunci cewa wani ne ya taɓa gwada ɗora ta da bututu. Na sa ɗaya cikin ɗaya, ya shige. Na ja, ya fito, ɓas. Na girgiza kai, na ce ka ji aikin Bature, ga kyau babu ƙwari, ina amfanin ɗorin da yaro ma zai zare?

Ya kamata jakar ta faɗa min gaskiya. Aljihu biyu gare ta dogaye, kowane guntu da nasa, an ɗinka su daidai wa daida. Na gani, na ce Allah sarki, har jaka ya sa aka ɗinka wa karayar. Ya kamata in buɗe wayata in bincika, ni da nake cin abinci da kwamfuta. Ban yi ba, don jinin masunta ba ya tambayar waya yadda ake gyara gora. Safiyya ma ta kira ni. Ita a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Turanci take fitowa.

"Yaya sandar Daddy? Please, kar ka yi mata wani abu mad, na hauka."

"Ke dai ki zuba ido. Babanki zai ga aikin gida."

Aikin gida kuwa kowa ya san shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran babur a Kano ya ga yadda ake yi wa roba ko fitila in ta tsage: sufa-gulu da yashi. A ɗiga, a barbaɗa, ya yi ɗan hayaƙi, ya zama dutse. Na sauka shago na kwaso sufa-gulu guda shida. Yashi ne ya so ya ba ni wahala, don a garin nan ba a samun ƙasa a banza, sai na tuna ana gyaran wani gida a layinmu. Na je na yi kamar ina ɗaure takalmi, na cika aljihu.

Na fara da zuba guda biyu cikin bututun, na tura ɗayan ƙarfen har ƙarshe, na murɗa. Sannan na bi waje, ɗiga, barbaɗa, ɗiga, barbaɗa. Da na ga tsagar ta ɓace sai na ce ai rigakafi ya fi magani, na ci gaba har na haura kan gorar kanta, sama da ƙasa. Na tuna Dakta ya ambaci zare, na ɗauko baƙin zaren da nake ɗinke maɓalli na naɗe, na jiƙa shi da sauran gam ɗin. A ƙarshe na yanko tsohon tiyub ɗin keke na ɗaure tamau, yadda ake ɗaure ƙotar fartanya. Da na gama, tsakiyar sandar ta yi wani ƙullutu kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai. Na kama gefe da gefe na ja iya ƙarfina, ko gezau. Na tsaya ina kallon aikina, har da ɗaukar hoto. Wallahi a ranar ban taɓa jin na isa ba kamar lokacin nan.

Ranar Lahadi na sha farar shadda, na kafa hula, sannan na fara gane cewa sanda mai ƙafa takwas da rabi ba ta san an yi gidajen Landan ba. A ɗakin ma a karkace ta kwana. Matakala ta ƙi juyuwa, sai ta taga na zura ta da igiyar shanya, na ruga ƙasa na tare. Jakar kuwa na naɗe ta na sa a aljihu, tunda a ganina ta gama aiki.

Bas ta zo, ƙofa ta buɗe. Direban ya dubi hulata ya yi min sallama, ashe Bahaushen Gana ne. Sannan ya dubi abin da ke hannuna.

"Masa, ina za ka da wannan? Sanda nan ba shi shiga. Ka cire shi biyu mana, irin wannan ana cire shi."

Na yi masa murmushin manya. "Da biyu ce. Ni na gyara ta."

Ya dubi ƙullutun, ya dube ni, ya sake duban ƙullutun. "Kai ka gyara shi?"

"Ni da kaina."

"To. Allah shi ba ka haƙuri," in ji shi, ya rufe ƙofa ya ja.

Na ce a raina hassada ce. Na saɓa sandata na kama hanya a ƙasa. Daga Catford zuwa Plumstead ba nan kusa ba ne, ga hawan tudu. Sama da awa biyu na yi ina tafe cikin farar shadda, ina kauce wa rassan bishiya da rumfunan shaguna, yara suna nuna ni, karnuka suna ja da baya. A Lewisham wata tsohuwa ta tambaye ni ko wani biki muke yi yau. Wani dattijon Bature a wajen Blackheath ya tsaya cak, ya dubi sandar da sha'awa, idonsa ya gangaro kan ƙullutun, sai ya dafa ƙirji ya kawar da kai kamar wanda ya ga haɗarin mota. Shi ma na sa shi a layin mahassada.

Safiyya ce ta buɗe min ƙofa. Murmushinta ya tsaya a rabi. "Me ya sa ka haɗa ta tun daga gida?" Na zura sandar ta bi zauren gidan, ta shiga falo kafin ni. Na zube a kan furena, na sunkuyar da kai, na ɗaga ta da hannu biyu.

"Baba, ga ta. An gama. In sha Allahu har jikoki."

Na ji an karɓa. Sai shiru. Irin shirun nan da kake jin agogon bango. Na ce a raina mamaki ne ya kama shi, bari in ba shi lokaci. Can na ji wani ɗan nishi, na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame silifas. Ja yake yi. Ya sake ja. Babu ɓas.

"Mene ne wannan?" Muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Sufa-gulu ne, Baba. Da yashi."

"Da me?"

"Yashi, Baba. Mai laushi na zaɓo. Na ga ta karye biyu, shi ne na ce gara a yi mai gaba ɗaya. Yanzu ko mota ta taka ba za ta rabu ba."

Wani abu ya faɗi a kicin ya fashe. Safiyya ta ce, "Oh my God," ta ƙara da innalillahi. A nan ne maganar direban nan ta dawo min, kalma bayan kalma: irin wannan ana cire shi. Sai aljihun jakar guda biyu. Sai ɓas, ɓas, ɓas. Duk suka haɗu suka faɗo min a ka lokaci guda. Gumi ya karyo min tun daga ƙarƙashin hula har tafin ƙafa. Na roƙi Allah ya tsaga kafet ɗin nan in shige, tunda dai mun saba.

"Ɗago kanka," in ji Dakta.

"Baba..."

"Na ce ka ɗago ka dube ni."

Na ɗago. Ranar na fara ganin fuskar mutumin da nake neman 'yarsa. Siriri ne, da furfura a gemu, da tabarau. Na zaci wuta zan gani a idonsa, kuma da ita na gani da ya fi min sauƙi. Ƙwalla na gani. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ya rungume gora a cinya, yana shafa ƙullutun nan da babban yatsa kamar mai duba kumburin mara lafiya.

"Alan ya riƙe sandar nan shekara talatin," in ji shi. "Ni ma na kusa ashirin. A gadon asibiti ya miƙo min ita." Ya cire tabarau ya goge. "Sau uku na haɗa na zare a gabanka. Ina kake kallo?"

Ƙarya ta ƙare min. "Kafet, Baba."

"Kafet."

"Furanni saba'in da bakwai ne, Baba." (Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ina jin so nake in nuna masa ban zauna a banza ba.)

Hajiya ta toshe baki da mayafi ta koma kicin da sauri, kafaɗunta suna rawa. Dakta bai yi dariya ba.

"Kakan naka da gaske masunci ne?"

"Banda yake sayarwa, Baba."

"Injiniyancin fa?"

"Kwamfuta ce. Kashewa da kunnawa."

Ya mayar da tabaransa. "Kunya abu ne mai kyau. Shekarata arba'in a nan, babu yaron da ya taɓa zube min a ƙasa sai kai, kuma na ji daɗi. Amma mutumin da ake nuna wa abu ba ya kallo, bai gane ba ba ya tambaya, ya kuma ce a bar masa, shi zan ɗauki 'yata in ba? Ranar da ta zo tana faɗa maka damuwarta, kafet za ka ƙirga?" Ya jingine sandar a bango, kanta yana gogar silin. "Tashi ka tafi. Yau ba ni da amsa."

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Safiyya ta daina ɗaukar wayata, sai saƙo ɗaya da ta turo, hoton sandar a jingine, babu ko kalma. Kawuna ya kira daga Kano sau huɗu yana tambayar me ake ciki, ina ce masa ana shawara. A ofis wata mata ta ce kwamfutarta ta ƙi tashi, na tsaya na saurare ta har ƙarshe, na yi mata tambaya uku, har ta tambaye ni ko lafiya. Na riga na sallama. Na ce shi ke nan, garin neman gira na rasa ido.

Ranar Juma'a da yamma sai ga kiran Dakta da kansa. "Gobe ƙarfe tara. Tsohon nan na Kent ya ce a kawo ya gani. Ba ta shiga mota sai an riƙe, kuma wanda ya ɗaure shi zai riƙe."

Haka muka kama hanyar Kent, gindin sandar yana can bayan mota, kanta ya fito ta tagar gefena, na rungume ta iska tana kaɗa min hula. A kujerar gaba ya sa ni, kafaɗa da kafaɗa da suruki, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. Babu kafet, babu wurin ɓuya. Da muka yi nisa sai na yi ta maza.

"Baba, don Allah, me ya sa ake mayar da kifin ruwa?"

Ya waigo ya ɗan dube ni. "Yau ka fara tambaya." Daga nan ya ɓalle da bayani har muka isa, ni kuwa ina kallon bakinsa kamar za a yi min jarrabawa.

Mai gyaran wani tsoho ne tukuf, a wata 'yar rumfar katako bayan gidansa, ko'ina gora da zaren siliki da ƙamshin man goge katako. Ya karɓi sandar da fara'a, ya ɗora a teburi, ya jawo fitila. Fara'ar ta ɗauke. Ya sa ɗan wuƙa ya yanke tiyub ɗin, ya ƙwanƙwasa abin da ke ƙasa, ya ji ƙarar dutse. Ya kankaro kaɗan ya murza a yatsa, ya kai kusa da ido. Ya ce shekara hamsin yana wannan aiki, ya ga sandar da ƙofar mota ta datse, ya ga wadda kare ya tauna, amma bai taɓa ganin wadda aka yi wa gini ba. Ya ce da tsagar ce kawai, da ɗumama bututun zai yi ya zare, ya sa sabo, ya naɗe da siliki, aikin yini guda. Yanzu kuwa gam ya ci gorar, dole ya yanke sama da ƙasa, sanda za ta rasa kusan tsawon yatsa, kuma ba za ta ƙara lanƙwasa kamar da ba. Dakta ya runtse ido ya gyaɗa kai.

Sai tsohon ya cire tabaransa, ya tambaya da Turanci, cikin muryar mai neman wanda zai kai ƙara, "Wane ne ya yi wannan?"

Kaina ya fara sauka da kansa, na tare shi da ƙyar. Na buɗe baki zan ce ni ne, Dakta ya riga ni. Ya nuna ni da babban yatsa, ko kallona bai yi ba.

"My son-in-law," in ji shi. Surukinsa, wai.

Na juyo na dube shi. Tsohon ya dubi Dakta da tausayi ƙarara, ya ce masa ya yi haƙuri, ba a zaɓar dangi. Muna fita Dakta ya ce min da Hausa, "Kada ka yi murna da yawa. Na duba ne na ga in na sake ka, ban san gidan wa za ka je ka yi wa gyara ba. Gara kana inda nake ganinka. Ka ce wa kawunka su turo."

An yi biki bayan wata huɗu. Sandar ta dawo gida biyu kamar yadda Allah ya nufe ta, sai dai ta gajarta, kuma duk ranar da Dakta ya zura ta cikin jakarta ina ganin yadda bakin jakar ke lanƙwashewa a wurin da babu komai. Bai taɓa yi min gori ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Ƙullutun da aka yanke kuwa bai yar ba. Yana nan a kan kanta a falo, tsakanin hoton Mista Alan da na aurenmu, kuma duk baƙon da ya tambaya sai Hajiya ta ce, "Aikin Injiniya ne."

Abin da na koya? Har gobe ina zubewa ƙasa in na shiga gidan, don tarbiyya ba ta tsufa. Amma in babba ya ce "ka gani?", sai na ɗaga kai na gani tukuna. Kuma kalmar nan "a bar min" an haramta min ita a gidana. Ko ƙwan fitila ne ya mutu na miƙe, sai Safiyya ta riƙe min riga ta ce, "Zauna. Bari mu kira wanda kakansa ba masunci ba ne."